Ɗan Sandan Sa Kai: Daga Ina Yake Samun Ikonsa?

 

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani aiki ne da tambaya ta yi yawa a kansa tun da sha'anin tsaro ya taɓarɓare a yankunanmu, wato mutum ya ba da kansa don taimakon jami'an tsaro alhali shi ba ma'aikacin hukuma ba ne, yana da sana'arsa da yake ci da ita. Matasa da yawa suna da wannan niyya, kuma niyya ce mai kyau. Sai dai kalmar sa kai tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda mutane kan cuɗa su. Akwai wanda ya sa kansa cikin hidima, ya ce ga ni, a yi aiki da ni, ba na neman albashi. Akwai kuma wanda ya sa kansa bisa kujerar hukunci, shi ne mai kamu, shi ne mai tuhuma, shi ne mai horo. Su biyun duka da dare suke fita, duka suna riƙe da tocila da gora, mai hange daga nesa ba zai rarrabe su ba. Amma a cikin tazarar da ke tsakaninsu rayukan bayin Allah suke salwanta.

Domin bambancin ya fito fili, za mu fara da ƙasar da ta daɗe da rubuta wannan aiki cikin dokarta, wato Ingila. Ba mun ɗauko ta ba ne don ta fi kowa adalci. Dalili shi ne ta yi kusan shekara ɗari biyu tana gwada abin, ta ga amfaninsa, ta kuma ga ɓarnarsa.

Yadda abin ya faro a Ingila

A shekarar 1829 ne ministan cikin gida na Ingila, Robert Peel, ya kafa rundunar ƴan sandan birnin Landan, masu kaki da albashi. Kafin wannan lokaci tsaron unguwa yana wuyan mazaunanta ne. Kowace shekara akan ɗora wa wani magidanci nauyin, ya yi shekararsa ba biya, sa'an nan a ɗora wa wani. A 1831 majalisar dokoki ta yi wata doka wadda ta ba alƙalan gunduma ikon rantsar da mutanen gari su zama ƴan sanda na ɗan lokaci, idan tarzoma ta tashi ko ana tsoron tashinta. A farkon al'amari abin bai zama sa kai tsantsa ba, domin wanda aka kira ya ƙi amsawa ana iya cin sa tara har fam 5. Amma ƙa'ida guda ta kafu tun daga ranar, ba ta kuma gushe ba: ba a miƙa wa mutum sandar aiki sai ya tsaya gaban alƙali ya yi rantsuwa.

Ranar da aka fi tunawa a tarihin wannan runduna ita ce 10 ga Afrilu 1848. Masu fafutukar a ba kowane namiji baligi ƴancin jefa ƙuri'a sun kira gagarumin taro a filin Kennington da ke Landan. Gwamnati ta firgita, domin wata biyu kafin nan juyin juya hali ya kori sarkin Faransa daga gadonsa. Sai aka rantsar da mutanen gari masu ɗimbin yawa, 85,000 a ƙidayar da masu tarihi suka fi kawowa. Abin al'ajabi, daga cikin waɗanda suka karɓi sanda a ranar akwai wani ɗan gudun hijira Bafaranshe, Louis Napoleon, wanda kafin shekarar ta ƙare ya zama shugaban ƙasar Faransa. Taro ya watse lafiya. Sai dai mai lura zai ga cewa masu shaguna da akawuna da masu dukiya ne suka cika sahun masu sanda, talakawa masu ƙwadago kuwa su ne a filin taro. Haka aka sake gani lokacin babban yajin aikin 1926, inda ma'aikata da yawa suka ɗauki ƴan sandan sa kai a matsayin sandar masu kuɗi. A riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

A zamaninmu ɗan sandan sa kai a Ingila mutum ne kamar kowa: malamin makaranta, direba, akawun banki, mai shago, namiji ko mace. Da rana yana wurin aikinsa, da maraice ko a ƙarshen mako ya sanya kaki. Yawancin rundunoni suna neman ya ba da aƙalla awa 16 a wata. Ba shi da albashi, iyaka a mayar masa da abin da ya kashe na mota da abinci. Amma idan yana bakin aiki ikonsa daidai yake da na ɗan sanda mai albashi. Yana iya tsayar da mutum, ya caje shi bisa ƙa'ida, ya kama shi.

To, yaya aka yi mai shago ya sami wannan iko? Ba a rana ɗaya ba. Sai ya cika shekara 18. Sai an binciki tarihinsa, ko ya taɓa shiga hannun shari'a, su wa yake hulɗa da su, har ma a duba ko bashi ya yi masa katutu, domin sun san wanda bashi ya shaƙe shi ne ya fi saurin karɓar toshiyar baki. Akwai masu sana'o'in da galibi ba a ɗauka ko da mutanen kirki ne, kamar alƙalai da masu gadin kamfanoni, don gudun kada mutum ya yi amfani da kakin hukuma wajen biyan buƙatar sana'arsa. Daga nan sai horo na watanni a kan doka, da yadda ake kamu ba tare da an ji wa mutum ciwo ba, da taimakon gaggawa ga mai rauni, da yadda ake rubuta rahoto. Sa'an nan ya yi rantsuwa gaban alƙali cewa zai yi aiki da gaskiya ba son kai, zai girmama kowa daidai. Bayan rantsuwar ma ba a sakin sa shi kaɗai, sai ya daɗe yana fita tare da gogaggen jami'i har a shaida ya ƙware. Yana da lamba a kafaɗa da katin shaida a aljihu. Idan ya ci zarafin wani, ƙofar da ake kai ƙarar ɗan sanda mai albashi ita ce ake kai tasa, akwai kuma hukuma mai zaman kanta da ke bin diddigin manyan ƙararraki. Ba ya ɗaukar bindiga, kamar yadda mafi yawan ƴan sandan ƙasar ba su ɗauka. Na'urar nan mai jan mutum da lantarki, Taser, sai a 2022 aka yarda su riƙe ta, shi ma bayan horo na musamman.

Kada wani ya zaci aikin wasa ne. A watan Yuni 1992 an harbe wani ɗan sandan sa kai mai suna Glenn Goodman har lahira a yankin Yorkshire, lokacin da shi da abokin aikinsa suka tsayar da wata mota da dare, ashe ƴan bindigar ƙungiyar IRA ne a ciki. Kuma aikin yana gajiyar da masu shi. A 2012 yawansu a Ingila da Wales ya haura 20,000, amma zuwa 2023 ya faɗo ƙasa da 7,000. Hausawa sun riga sun faɗa, sa kai ya fi bauta ciwo. Faransa, wadda muka fi sanin tsarinta, ta bi wata hanya dabam. Ta buɗe rundunar ko-ta-kwana ta ƴan sanda a 2003 don jami'an da suka yi ritaya, a 2011 ta buɗe ƙofar ga sauran ƴan ƙasa, kuma tana biyan su kuɗin ranakun da suka yi aiki.

Abin da malaman fiƙihu suka rarrabe

Wannan tambaya ta wa ke da ikon kamu da horo ba baƙuwa ba ce a littattafanmu. Imamu Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Ƙaisu ɗan Sa'adu ya kasance a wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar matsayin shugaban ƴan sanda a wurin sarki. Sayyidina Umar kuwa sanannen abu ne cewa da kansa yake zaga Madina da dare. Imamu Tirmizi ya kawo hadisin da ya yi bushara da tsira daga wuta ga idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Falalar aikin dai ba abin musu ba ce.

Amma falala daban, iko daban. Alƙali Abul Hasan Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 450 bayan hijira, wato 1058, ya yi babi a kan hisba cikin littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya. A nan ya kawo fuska tara da muhtasibi, wato wanda hukuma ta naɗa don hani da mummuna, ya bambanta da wanda ya tashi don kansa, wanda ya kira mai taɗawwu'i. Ba za mu jero su duka ba, sai waɗanda suka fi shafar zancenmu.

Wanda aka naɗa, aikin ya zama farilla a kansa shi kaɗai, ba shi da damar ya ce yau ina da biki ko ina gona. Idan wanda aka zalunta ya kawo masa kuka, dole ya amsa. Mai taɗawwu'i kuwa aikin a wurinsa farillar kifaya ce, yana iya shagala da wani abin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa naɗi nauyi ne tun kafin ya zama girma. Sa'an nan wanda aka naɗa yana da ikon bin sawun munanan ayyukan da suka bayyana, mai taɗawwu'i kuwa ba a ɗora masa bincike ko tono ba. Wanda aka naɗa yana iya ɗaukar mataimaka, mai taɗawwu'i ba shi da ikon tara wa kansa runduna. Wanda aka naɗa yana iya yin ta'aziri, wato horon da bai kai haddi ba, mai taɗawwu'i ba shi da ikon horon kowa ko da bulala ɗaya. Wanda aka naɗa ana iya biyan sa daga baitulmali, mai taɗawwu'i bai halatta ya karɓi lada a kan hanin da ya yi ba.

Ku duba da kyau, ƴan'uwa. Idan muka auna ɗan sandan sa kai na Ingila da wannan ma'auni, za mu tarar ba ya cikin sahun masu taɗawwu'i ko kaɗan. Yana cikin sahun mataimakan da mai iko ya ɗauka. Abin da ya yafe shi ne albashi da hutunsa. Ikon kuwa ba daga zuciyarsa ya fito ba, ba kuma daga jarumtarsa ba, ba shi aka yi, aka gaya masa iyakarsa, kuma wanda ya ba shi yana iya karɓewa gobe. Wanda ya tara samari goma sha biyu a ƙofar gidansa, ya saya masu tocila da adda, ya ce daga yau mu ne hukumar unguwa, ya haɗa abubuwa uku da Mawardi ya ce ba nasa ba ne: ya ɗauki mataimaka, zai yi bincike, zai yi horo. Idan kuma suka fara bi gida gida suna karɓar kuɗin wata, na huɗun ya cika.

Wannan ba ya nufin a naɗe hannu ana kallon ɓarna. Wanda ya ga ɓarawo cikin garken maƙwabcinsa yana da ikon ya yi kururuwa, ya tare shi, ya riƙe shi har hukuma ta zo. Ko a dokar Faransa, wadda dokokin ƙasarmu suka gaji tsarinta da yawa, kowane mutum yana da ikon kama wanda aka tarar tsamo-tsamo cikin babban laifi, amma da sharaɗin ya miƙa shi ga jami'in ƴan sanda mafi kusa. Mawardi ma ya keɓe hali guda da ya halatta leƙen asiri har ga mai taɗawwu'i, wato idan amintaccen mutum ya kawo labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar wani ya keɓe da wani zai kashe shi. Abin da bai kai haka ba, hanin da ke cikin Suratul Hujurati game da bin diddigin asirin mutane yana nan, haka ma umurnin Suratun Nur na neman izini kafin shiga gidan wani. Mawardi ya kawo labarin cewa Sayyidina Umar ya taɓa shiga wurin wasu mutane ya tarar suna abin da ya hana, ya tsawata masu, su kuma suka tuna masa cewa ya yi leƙe kuma ya shigo ba izini, sai ya juya ya bar su. In halifa ya tsaya a wannan iyaka, ina ga saurayin da aka ba gora jiya?

Inda naɗin ma bai wadatar ba

Kada mu tsaya a nan mu ɗauka cewa da zarar hukuma ta sa hannu shi ke nan. Misalai biyu za su nuna akasin haka.

Na farko daga Ailan ta Arewa, yankin da ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya, inda Kiristoci mabiya ɗariƙar Katolika da na Furotesta suka daɗe suna zaman doya da manja. A 1920 gwamnati ta kafa rundunar ƴan sandan sa kai a can. An rantsar da su, an ba su kaki, an ba su bindigogi, da yawansu ma a gida suke ajiye makaman. Amma kusan dukansu daga ɓangaren Furotesta aka ɗebo su. Sai ya zama ɗan Katolika yana dawowa gida da dare, maƙwabcinsa da ya san shi tun yarinta ya tare shi a hanya da bindiga yana tambayar sunansa. Shekara hamsin rabin al'umma na ganin su garkuwa, rabi na ganin su barazana. A Janairun 1969 aka far wa masu zanga-zangar neman ƴanci a gadar Burntollet, bincike kuma ya nuna akwai ƴan wannan runduna cikin maharan, ba da kaki ba. Bayan rahoton kwamitin Hunt na wannan shekara, aka rushe rundunar a 1970. Wannan ita ce maganar da muka ce a riƙe tun daga taron 1848: rundunar da aka ɗebo daga gefe ɗaya na gari, ɗayan gefen ba zai taɓa kallon ta a matsayin hukuma ba, ko da an rantsar da ita sau goma.

Na biyu daga Amurka, inda gundumomi da yawa suke da mataimakan sa kai a ofishin sherif, wato zaɓaɓɓen shugaban tsaron gunduma, kuma a wurare da dama suna ɗaukar bindiga. Ranar 2 ga Afrilu 2015, a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, jami'ai suka ɗana wa wani mutum mai suna Eric Harris tarko bisa zargin sayar da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Ya ruga, suka bi shi, suka kayar da shi ƙasa. Sai wani mataimakin sa kai, Robert Bates, attajirin harkar inshora mai shekara 73, ya zaro makami ya harbe shi, Harris ya mutu. Bates ya ce Taser ya yi nufin zarowa, hannunsa ya faɗa kan bindiga. Da aka tona sai aka tarar aminin sherif ne, ya sha ba ofishin kyautar motoci da kayan aiki, kuma tun 2009 wani binciken cikin gida ya nuna ana yi masa sassauci a sha'anin horo. A 2016 kotu ta same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci, ta ɗaure shi shekara 4. Sherif ɗin ya sauka daga muƙaminsa, gundumar kuma ta biya iyalan mamacin dala miliyan 6 a 2018.

Mai yiwuwa ne ƙwarai wannan dattijo bai fito gida da nufin kisa ba. Amma shari'armu ma ba ta bar kisan kuskure ya tafi a banza ba, Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kansa. Kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, abin da ya ɓata yana wuyansa. A ganinmu mai ɗaukar makami da sunan tsaro ba tare da horo ba ya fi kusa da wannan hukunci, kuma wanda ya ba shi makamin saboda abota ko kyauta yana da nasa kason.

Mu komo gida

Duk wanda ya san halin da ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji suka shiga, na satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin fansa, da yadda dubban ƴan gudun hijira suka kwararo jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, ba zai yi wa mai neman kare garinsu dariya ba. Mutumin ƙauyen da jandarma ba ya isa sai bayan maharan sun yi nisa, ba za a ce masa ya jira horon watanni irin na Ingila ba tare da an ji kunya ba. Kuma an ga inda sa kai ya yi rana. A 2013 samarin Maiduguri, waɗanda aka yi wa laƙabi da kato da gora, sun taimaki soja ƙwarai wajen fitar da ƴan Boko Haram daga cikin birni, domin sun san ɗan unguwa sun san baƙo, abin da sojan da aka kawo daga nesa bai sani ba.

Amma an ga ɗaya fuskar. Su waɗannan samari na Maiduguri an zarge su da cin zarafi, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sunan ƙungiyarsu cikin jerin masu sa yara aikin yaƙi, ba a cire shi ba sai a 2021, bayan sun sa hannu a yarjejeniya a 2017 sun sallami yaran. A Zamfara masu bincike da yawa sun danganta ƙazancewar rikicin da yadda wasu ƴan sa kai suka riƙa kashe Fulani makiyaya bisa zato, har a tsakiyar kasuwa, waɗanda aka kashe wa dangi kuma suka shiga daji neman fansa. Wannan shi ne ciwon Ailan ta Arewa a cikin rigarmu. Burkina Faso ta yi doka a Janairun 2020 ta ɗaukar ƴan sa kai, horonsu na farko kwana 14 ne kacal, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha kawo rahoton kisan fararen hula a hannun wasunsu. A watan Maris 2025, a garin Uromi na jihar Edo a kudancin Nijeriya, ƴan banga suka tsayar da motar da ke ɗauke da mafarauta ƴan Arewa masu komawa Kano yin salla, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne. Kafin hukuma ta iso an kashe mutum 16. A ranar mu ne baƙin da aka yi wa hukunci a bakin hanya, kuma duk wanda zuciyarsa ta yi ƙuna da labarin ya kamata ya tuna da shi ranar da aka kawo masa wani baƙo an ce ga ɓarawo.

Akwai kuma haɗarin da ke kan ɗan sa kai da kansa. Ranar 2 ga Nuwamba 2021 magajin garin Bani Bangu, a jihar Tillaberi, ya fita da ƴan kwamitin tsaron garin a kan babura, suka faɗa hannun ƴan bindiga. Mutum 69 suka rasu, har da shi magajin garin, ƙasa ta yi zaman makoki. Allah Ya jiƙan su. Jarumta ba ta gaza masu ba. Amma manomi mai bindigar gargajiya ba tsaran wanda ya shekara goma yana yaƙi ba ne, kuma kowane ɗaya daga cikin 69 ɗin nan akwai gidan da yake ciyarwa.

Saboda haka, idan ɗanka ko ƙanenka ya zo maka da maganar zai shiga, kada ka yi saurin hana shi, kada kuma ka yi saurin sa masa albarka. Zaunar da shi ka tambaye shi wa ya kafa ƙungiyar, kuma da sanin wace hukuma. Shin sunayensu suna rubuce a wurin magajin gari, da mai gari ko hakimi, da ofishin jandarma ko komisariya? Wane jami'i ne suke amsa wa, wanda in ya ce ku tsaya za su tsaya? Ka tambaye shi wa zai koya masu aikin, da abin da aka ce su yi, da abin da aka ce kada su yi. Wanda bai iya gaya maka abin da aka hana shi ba, ba a gaya masa komai ba. Ka tambaye shi ko akwai ƴaƴan rugar da ke bayan gari a cikinsu, da ƴaƴan baƙin da suka zauna tare da ku, ko kuwa duka ƴan dangi ɗaya ne. Ka tambayi kuɗin man babur da batirin tocila daga ina suke fitowa, wa ke riƙe da su, a gaban wa ake lissafi. Gudummawar da jama'a suka yarda da ita a bainar jama'a, aka rubuta, abu ne mai kyau. Wadda ake karɓa a bakin shinge da dare daga hannun direba, sunanta daban. Sa'an nan ka yi masa tambayar da samari ba su son ji: in ka ji rauni wa zai biya magani, in ka faɗi wa zai riƙe matarka da ƴaƴanka? Haƙƙin iyali farilla ce a kansa shi kaɗai, gadin gari kuwa muddin ba a naɗa shi ba farillar kifaya ce.

Ga waɗanda suka riga suka shiga, wurin da ƙafa ta fi zamewa shi ne sa'ar nan da ke tsakanin kama mutum da miƙa shi. Jama'a sun taru, rai ya ɓaci, kowa na cewa a ba shi kashi ya faɗi abokansa. A wannan sa'a aikin ɗan sa kai ya juya, wanda ya kama ɗin ya zama amana a hannunsa, shi ne kuma zai tsaya tsakaninsa da taron. Kada a doke shi don ya yi iƙirari, domin maganar da duka ya fitar takan jawo sunan wanda bai ji ba bai gani ba. A rubuta sunansa, da lokacin da aka kama shi, da wurin, da abin da aka samu a hannunsa, a gaban shaidu biyu waɗanda ba ƴan ƙungiya ba. In yana jin ƙishirwa a ba shi ruwa, in ya ji ciwo a ɗaure masa. A kira jandarma ko ƴan sanda tun a lokacin. In dare ya yi nisa ba su iso ba, a kai shi ƙofar mai gari ya kwana ƙarƙashin idonsa, gari na wayewa a miƙa shi tare da takardar da kayan, a kuma karɓi sunan jami'in da ya amshe shi.